Yadda ake shirya teburin aiki da naɗin zare wajen haɗa sandar fatsa

Sandar fatsa ta zamani, irin wadda ake ɗaura wa muline, wato na'urar da ke naɗe igiya, abu huɗu ne aka haɗa: tsurar sanda, mariƙi, mazaunin muline, da zobban da igiya ke bi ta cikinsu. Babu ƙusa ko noti ko ɗaya da ke riƙe zobban nan. Zare ne kawai aka naɗe a kan ƙafar kowane zobe, sannan aka shafe shi da efoksi, wani ruwan gam mai haɗi biyu da ke bushewa garai-garai, don kada ruwa da rana su ci shi. Saboda haka in ka ga zobe ya sulluɓe lokacin da giwan ruwa ya ja, kada ka nemi laifin a wajen efoksi. Naɗin ne bai yi ba, ko kuwa ƙafar zoben ce ba a gyara ta ba tun farko. A Yamai kuma akwai ƙarin abubuwa biyu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba: ƙura da zafi. Da su za a fara lissafi, tun kafin a sayi zare.

Wurin aiki

Nemi ɗaki mai ƙofa da taga masu rufuwa, mai daɓen siminti ko tayil. Zaure da rumfa ba su yi ba, komai daɗin iskarsu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shigo da ƙura ta kowace kafa, kuma ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka a kan ɗanyen efoksi ta zauna ke nan. Kada ka yi shara ranar da za ka shafa efoksi. Share ɗakin tun jiya, ka goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, da safe ka yayyafa ɗan ruwa a ƙasa. Fanka kuwa a kashe ta muddin efoksi bai bushe ba.

Tsawon tebur ya kai mita 2 in da hali, faɗinsa santimita 60 ya wadatar. In sandar mai gaɓa biyu ce, tebur mai mita 1.5 ma ya isa, tunda gaɓa ɗaya ake aiki a kai a lokaci guda. Tsayinsa ya zama kana zaune gwiwar hannunka na hutawa a kai, sandar na daidai ƙirjinka. Wanda ya sunkuya yana naɗi, kafin ya kai zobe na huɗu wuyansa ya gaji, kuma daga nan ne zare ke fara hawa kan ɗan'uwansa. Shimfiɗa farar takarda a kan teburin don ka riƙa ganin ƙananan zobba da guntayen zare. Fitila ta kasance a sama, ta ɗan koma bayan sandar, yadda haskenta zai kwanta a kan zaren. A haka ne ake ganin ɗan tsagin da ya rage tsakanin zagaye da zagaye. Mai caji ta fi, saboda ɗaukewar wuta.

Abin da sanda ke kwanciya a kai ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kafinta a kasuwar Katako zai yi maka shi da ragowar katako: allo ɗaya mai tsawon santimita 70 da faɗin 15 a matsayin gindi, da tsayayyun katako biyu masu tsayin santimita 15, kowanne an yanke samansa kamar harafin V. Ka sa ya ƙara na uku mai gindinsa dabam, wanda za ka riƙa matsarwa don tallafar ragowar tsawon sandar. Cikin kowane V a liƙa ƙyallen bargo ko tsumma mai laushi, in ba haka ba katakon zai kankare fentin sandar tun ba a je ko'ina ba. Mai gwaji na farko yana iya yanka V biyu a gefen kwali mai ƙarfi ya yi aiki da shi, kuma naɗinsa ba zai gaza na kowa ba.

Sai abin da zai ɗame zare. Hanya mafi sauƙi ita ce a jefa kwarkwaron zaren cikin kofi a bayan tebur, a bi da zaren ta tsakiyar wani babban littafi, a ɗora wani littafin a kai in ana son ƙarin tsauri. Tana aiki, sai dai takarda na gurzar zare tana tayar masa da gashi. Wadda ta fi ita ce doguwar ƙusa mai noti, mai kaurin milimita 6, a kafa ta a jikin allon gindi, a zura washa, sai kwarkwaro, sai wata washa, sai ɗan sifirin, a rufe da noti. In ka ɗaure notin tsauri ya ƙaru, in ka sassauta ya ragu. Amfaninta shi ne kwarkwaron ake matsewa, zaren kansa ba abin da ke gugarsa.

Ragowar kayan ƙanana ne: sabbin reza, ƙaramin almakashi mai tsini, magagari mai laushin haƙora, samfefa mai lamba 400, tef ɗin takarda irin na masu fenti, awo mai santimita, alkol na kantin magani, takardar alminiyam, da ƙananan buroshi. Don daddanna zare, jikin biro mai santsi ya isa. Ware wa kowanne wurinsa a gefen hannun da kake aiki da shi, domin akwai lokacin da yatsanka ɗaya na danne da zare, da ɗaya hannun kawai za ka lalubo reza.

Zaren da ya dace

Zaren naɗin sanda na lailon ne, kuma da haruffa ake gane kaurinsa. Lamba A siriri ne, shi ake sa wa sandunan karfasa da matsakaitan tarwaɗa, kuma shi ya fi kwanciya sumul. Lamba D ya fi kauri, ya dace da manyan sandunan giwan ruwa, ya kuma fi sauƙin sarrafawa ga sabon hannu. Lailon na yau da kullum in efoksi ya jiƙa shi yakan yi duhu ya zama garai-garai har a hango ƙafar zobe ta ciki. Wanda aka rubuta wa NCP shi ke riƙe launinsa yadda yake a kwarkwaro.

Irin wannan zare sai an yi odarsa daga waje, don haka da yawa sukan koma ga na teloli a Babbar Kasuwa. A nan sai an yi hattara. Zaren auduga bai yi ba, gashi gare shi, kuma yana ruɓewa. Zaren surfani mai sheƙi na rayon ba shi da ƙarfi, musamman in ya jiƙe. Na foliyesta yana da ƙarfi, amma masana'anta na shafa masa man silikon don ya riƙa sulɓi a cikin keken ɗinki, shi kuwa efoksi ba ya kama inda silikon yake: sai ya janye ya bar ramuka-ramuka. In shi kaɗai ka samu, sai ka fara shafa masa ruwan kare launi, wanda ake shafa wa zare kafin efoksi, sau biyu, ka bar kowanne ya bushe sarai, kuma ka gwada a kan guntun tsohuwar sanda kafin ka taɓa ta gaske.

Abin da ake gamawa kafin a taɓa zare

Da farko nemo ƙashin bayan sandar, wato gefen da ke nuna yadda take son lanƙwasa. Tsurar sanda, ta kabon ce ko ta zaren gilashi, naɗe ta aka yi a kan ƙarfe a masana'anta, don haka wani gefen ya fi wani kauri. Naɗa tef a tsakiyarta, ka kafa gindinta a kan daɓe mai santsi, ka tallafi saman da tafin hannu ɗaya, ka danna tsakiya da ɗayan har ta lanƙwasa, sannan ka mirgina ta a hankali. Za ka ji ta yi tsalle ta zauna a wani gefe. Yi alama a kan tef ɗin ta bayan lanƙwasar. In muline mai ratayuwa a ƙasa za ka sa, zobba na tafiya ta cikin lanƙwasar. Magina da yawa yanzu sun fi duba gefen da sandar ta fi miƙewa su jera zobba a kai, kuma in tsurar sandar na da ɗan karkata da ido ke gani, wannan ya fi muhimmanci.

Mariƙi da mazaunin muline ta saman sanda ake zura su su gangaro, shi ya sa dole su riga zobba shiga. Faɗaɗa ramin mariƙin da magagari mai zagaye kaɗan-kaɗan har ya sauka wurinsa ba tare da an tilasta shi ba. Ramin mazaunin muline ya fi sandar faɗi, sai a cike tazarar da ɗaurin tef uku, a bar kamar santimita 1 tsakaninsu don gam ya shiga ya kama sandar kanta. A nan gam mai haɗi biyu irin Araldite mai jinkirin bushewa ake so. Mai minti 5 zai daskare kafin ka daidaita mazaunin da alamarka. Goge abin da ya tsattsafo da alkol nan take, ka bar shi ya kwana. Zoben ƙarshe na kan tsini kuwa da gam ɗin kyandir ake liƙa shi, wanda ake narkarwa da wuta, domin shi ya fi saurin lalacewa, kuma ranar canza shi ɗan ɗumi kawai zai sake shi.

Yanzu ƙafafun zobba, aikin da aka fi tsallakewa. Bakin ƙafar sabon zobe yana da kauri, zare ba zai iya hawansa ba sai ya zame ya bar rami. Riƙe zoben ka goge saman bakin ƙafar da magagari har ya yi gangare, ya ƙare siriri kamar bakin farce. Sannan ka shafa ƙasan ƙafar a kan samfefa sau biyu ko uku. In ka bar ƙarfe mai kaifi a ƙasa, duk lanƙwasar da sanda ta yi yana cizon ta a wuri ɗaya, wata rana kuma a daidai nan za ta karye. Ɗora zoben a kan tebur ka duba: ƙafar ta kwanta gaba ɗayanta, kada bakinta ya ɗaga sama ko ya soki ƙasa. In zoben baƙi ne, shafa baƙar maka a inda ka goge don kada farin ƙarfe ya riƙa leƙowa ta cikin zare.

Yawan zobba, abin da aka saba shi ne ɗaya ga kowane santimita 30 na tsawon sanda, a ƙara ɗaya, ban da na kan tsini. Sanda mai mita 2.13 ke nan tana ɗaukar 8. Ga ma'aunin farawa, ana aunawa daga tsini: santimita 11, 24, 38, 53, 70, 89, 110 da 135. Girman zobe da lamba ake gane shi: huɗun farko masu lamba 6, sai 8, 10, 16, sannan babban na kusa da muline mai lamba 25. Akwai lissafin da ke taimakawa wajen sanin inda ƙananan zobba za su fara: auna faɗin bakin kwarkwaron muline ka ninka sau 27. In milimita 45 ne, ka sami kusan santimita 121 daga bakin kwarkwaron. Amma duk wannan mafari ne. Liƙa zobban da siraran tef, ka ɗaura muline, ka zura igiya, ka ɗaura wani zaren dabam a kan tsini ka ja har sandar ta lanƙwasa sosai. Igiyar ta bi lanƙwasar ba tare da ta yi kwana mai kaifi a wani zobe ba. Inda ta yi nisa da sanda, matso da zobban kusa da juna. In ka gamsu, fita fili ka yi jifa kaɗan, ka saurara ko igiya na dukan sanda tsakanin muline da zoben da ke kusa da shi.

Naɗin kansa

Wanke hannu da sabulu, kuma kada ka shafa mai ranar, ko da hunturu ya busar maka da fata. Man shafawa, man kaɗanya, maiƙon abinci, duk suna bin yatsa su shiga zare, daga baya efoksi ya ƙi kamawa. Goge wurin da za ka naɗa da alkol. Kada ka kusanto da tina ko asiton, suna cin fentin sanda.

Ana farawa ne daga kan sanda a hau ƙafar zobe, ba daga zobe a sauko ba. Yi alama da tef kamar milimita 5 kafin bakin ƙafar. Zagaya zaren sau ɗaya a jikin sandar, ka kwantar da jelarsa ta fuskanci zoben, sannan ka juya sandar yadda zaren da ke zuwa daga kwarkwaro zai haye kan jelar ya danne ta. Riƙe da babban yatsa har ka yi zagaye 5 ko 6, daga nan ya kama kansa. Ja jelar ta ɗame, ka yanke ta da reza dab da naɗin, ka ci gaba.

Sandar ake juyawa, hannu ba ya zagaya ta da zare. Ka bar zaren ya shigo da ɗan karkata kaɗan zuwa bayan naɗin, yadda kowane sabon zagaye zai matsu da wanda ya gabace shi. In karkatar ta yi yawa zai hau kansa, in ta koma gaba zai bar tsagi. Bayan kowane zagaye 8 ko 10, tura zaren baya da farcen babban yatsa. Wurin hawa bakin ƙafa nan ne ake rage gudu. In zaren ya ƙi hawa, kada ka yi ta tara zagaye a gindin ƙafar kana fatan ya haye, warware ka koma wa magagari. Da zaren ya rufe kamar rabin ƙafar, ɓare tef ɗin da ke riƙe zoben.

Tsaurin zare shi ne abin da sabon hannu ya fi kuskurewa, kuma kusan kullum wuce gona da iri ake yi. Ma'auninsa ɗaya ne: bayan ka gama, in ka tura zoben da babban yatsa da ɗan ƙarfi ya motsa gefe kaɗan. In ya ƙi motsi sam, ya yi tsauri, ba za ka iya daidaita shi da sauran ba, kuma a siririn saman sandar kabon irin wannan matsi na iya yi wa bangon sandar lahani. In yana rawa da kansa, ya yi sako-sako. Daidaita notin tun a zoben farko, kada ka sake taɓa shi har ka gama sandar, domin lailon da aka ja da ƙarfi dabam-dabam yakan fito da launi dabam-dabam a ƙarƙashin efoksi.

Kullewa ba ta da ƙulli. Tun kafin ka fara, yanki zare mai santimita 15, zai fi kyau mai wani launi, ka ninka shi biyu ya zama zarge. In ya rage zagaye 7 ko 8 ka kai ƙarshe, kwantar da zargen a kan naɗin, kansa na kallon zoben, ta gefen da ba ƙafar take ba, ka ci gaba da naɗi a kansa. Da ka kai gindin zoben, danne zaren da yatsa, ka yanke shi ka bar jela mai santimita 8, ka zura ta cikin zargen, ka ja zargen baya da sauri sau ɗaya. Jelar za ta shige ƙarƙashin naɗin ta fito ta tsakiya. Ja ta ta ɗame, ka kwantar da sabuwar reza a kan naɗin, ka jawo jelar ta sami bakin rezar. Kada ka yi yanka da rezar kamar mai zarto, zagaye ɗaya in ya tsinke duk naɗin ya tafi. Reza in ta yi zobe uku ko huɗu, canza ta. Dakusasshiya tana barin ɗan gashi, wanda zai tsaya cirko-cirko a cikin efoksi.

Zobba masu ƙafa ɗaya suna da halin zarewa in sanda ta sarƙe a ciyawar bakin kogi ko a cikin kwalekwale. Maganinsa shi ne in ka kai gindin zoben, ka zagaya wuyansa da zaren sau 2 ko 3, kowane zagaye na haɗawa da sandar, ka ƙara zagaye biyu a bayansa kafin ka kulle. Sanda mai gaɓa biyu kuma dole a naɗe bakin gaɓar da ake zura ɗayar a ciki, tsawon kamar santimita 2, har dab da baki, in ba haka ba zai tsage.

In an gama duka, daddanna kowane naɗi da jikin biro daga gefe zuwa tsakiya, ƙananan tsagogi za su rufe. Sannan ka ɗaga sandar ka leƙa ta cikin zobban daga gindi, kana fuskantar farin bango, ka tura duk wanda ya kauce. Wannan ce damarka ta ƙarshe.

Shafa efoksi a zafin Yamai

Efoksin rufe zare dabam yake da gam ɗin mariƙi. Irinsu Flex Coat an yi su ne su kwanta sumul, su riƙa lanƙwasa tare da sanda. Gam mai minti 5 in aka shafa shi a kan zare yakan yi rawaya ya tsattsage. Ana haɗa ruwan biyu daidai wa daida, kuma kada ka auna ƙasa da mililita 3 na kowanne ko da zobe ɗaya za ka shafa, domin a ƙaramin awo ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata lissafi. Sirinjin asibiti mai baƙar roba a ciki yana da man silikon, nemi marar roba, kuma kowane ruwa da nasa sirinjin. Dama a hankali minti 3, kana kankare gefe da gindin kofin, har ya washe. Sannan ka juye shi a kan takardar alminiyam ya baje: kumfa za ta fita, kuma ba zai yi saurin ɗaukar zafi ya daskare ba.

An tsara wannan efoksi ne don yanayi mai digiri 21 zuwa 27. A Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura 40, lokacin aikinsa na raguwa ƙwarai, yana iya yin kauri kafin ka kai rabin sanda. Shafa shi bayan sallar asuba, ka raba sandar biyu, kowane rabi da sabon haɗi. A sanyin Janairu kuwa kauri yake yi tun a kwalba, sai a tsoma kwalaben cikin ruwa mai ɗumi minti kaɗan kafin a auna. Da damina, guji ranar da aka yi ruwa, laima na sa fuskarsa ta yi hazo, kuma kada ka bar fitila a kunne kusa da shi da dare saboda ƙwari.

Fara da manyan zobba tun yana da ruwa-ruwa. Ɗora buroshi kana juya sandar, ka bar zaren ya sha, ka tura kaɗan cikin ramukan da ke gefen ƙafar zobe, domin ta nan ruwa ke shiga ya kawo tsatsa. Ka wuce bakin zaren da milimita 1 a kan sanda. Shafi biyu marasa kauri, da kwana ɗaya a tsakani, sun fi guda mai kauri, wanda ke taruwa ya yi tumbi, ya kuma ƙara wa saman sanda nauyi. In ka ga kumfa, hura mata iska a hankali ta cikin tsinken shan lemo. Kada ka fasa ta da ashana ko kyandir, suna barin baƙin hayaƙi.

Dole sandar ta yi ta juyawa har efoksin ya kama. Ɗan injin da ke juya faranti a cikin na'urar ɗumama abinci yana zagaye 5 zuwa 6 a minti, kuma masu gyaran kayan wuta sukan cire shi daga matattun na'urori. A kafa shi a jikin katako daidai tsayin V ɗin, a haɗa shi da gindin sandar da murfin roba da tef, mai gyaran ya duba irin wutar da yake ci, ya kuma rufe wayoyinsa da kyau. Ka bar shi awa 4 zuwa 6, ka kifa dogon kwali a kan sandar saboda ƙura. Kada ka yi nisa, in wuta ta ɗauke sai hannu: rabin juyi kowane minti 5 a awar farko, daga nan kowane minti 15 har awa 3.

Kada ka taɓa naɗin don ka ji ko ya bushe, taɓa ragowar da ke kan takardar alminiyam. In bayan awa 24 yana danƙo, awon ne bai yi daidai ba ko damun bai isa ba, kuma jira ba zai gyara shi ba. Sabon haɗi da aka auna da kyau, a shafa shi siriri a kai, yakan rufe matsalar. In ya bushe ƙalau, ba shi kwana 3 kafin ka kai sandar bakin kogin Isa, kuma kada ka riƙa barinta cikin rufaffiyar mota da rana.